Ƙofar da Haris Ya Roƙa a Jikin Jinga

Duk wanda ya saba bin ƙauyukan da ke tsakanin Haɗeja da Miga a farkon wata ya san wannan abin kallo: babur a jingine jikin gawo, wani dogon mutum a bakin rijiya ya cusa rabin jikinsa ciki, ƙafafu a waje suna reto. Baƙo ne kawai ke yin ihu. 'Yan gari sun san Haris Shu'ibu ne, kuma a bakin aikinsa yake. Sau ɗaya dai wata tsohuwa da ta zo biki daga Birniwa ta fizgo shi ta wando, ta zaunar da shi a ƙasa tana ba shi baki, wai ko matarsa ce ta gudu ai ba a kanta mata suka ƙare ba. Haris bai iya katse babba ba. Ya zauna ya sha nasihar har ƙarshe, ya yi godiya, ya bari ta yi nisa sannan ya koma cikin rijiyarsa.

A Rugar Auta aka haife shi, wadda tun kafin ya yi wayo ta daina zama ruga ta koma ƙauye mai rufin kwano da masallacin bulo, sunan ne kawai ya ƙi tashi. Yana sakandare mahaifinsa ya rasu, ya bar 'yan shanu kaɗan da mace mai taurin rai, Inna Hajo. Haris ne ɗanta na fari, don haka a al'adarsu ba ta kama sunansa, ba ta kuma sakin jiki da shi. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa da wani sai ta ce "yayan Aisa", wato ƙanwarsa. Amma ita ce ta kaɗa karsana biyu kasuwa ta tura shi jami'a a Maiduguri, da niyyar ya dawo mata likitan dabbobi.

Ya dawo da takardar ilimin ƙasa da duwatsu. Duwatsu fa, a Haɗeja! Ƙasar da za ka wuni kana haƙa ba ka sami tsakuwar jifan akuya ba, daga yashi sai laka, daga laka sai yashi. Har da wata 'yar guduma ya taho da ita, wadda suke fasa dutse da ita a makaranta. Tana nan har yau a madafar matarsa, da ita ake fasa kanwa.

Allah ya rufa asiri, karatun bai tsaya a dutse ba, ya haɗa da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ya sami aiki a wani ofishin ruwa, aka ba shi babur da dogon tef mai ɗan ƙoƙon ƙarfe a baki. In ka zura shi rijiya, ƙoƙon ya taɓa ruwa, sai ya ce ɓulum, kai kuma ka karanta zurfin a jikin tef. Ƙarar ba ta da ƙarfi, shi ya sa Haris ke cusa kai. Rijiya ashirin da uku yake aunawa kowane farkon wata, ya rubuta abin da ya gani a littafi. Shekara goma sha huɗu yana wannan aikin, babu wanda ya taɓa cewa ya nuna masa littafin. Ogansa ma ya ɗauka waƙoƙi yake rubutawa.

Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya gulma, amma yana da ciwo guda da ke sa majalisar mai shayi watsewa in an hango shi. Bai iya gajeriyar amsa ba. Ka tambaye shi ko nan wurin ya yi a haƙa bohal, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "To, ka ga, wajen shekara miliyan ɗari da suka wuce, lokacin da kwarin Chadi ya fara nutsewa..." Wani manomin barkono ya taɓa yi masa wannan tambayar da hantsi. Ya sulale ya tafi ya yi azahar, ya ci abinci, ya dawo ya iske Haris yana yi wa jakinsa bayani, saura shekara dubu bakwai a iso yau.

Matarsa Adila, malamar firamare, ita kaɗai ta san maganinsa. In ya ɗauko sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Baban Najwa, e ko a'a?" Yakan kau da kai kamar an tambaye shi abin kunya, sannan ya ce e, amma da sharaɗi.

Cikin rijiyoyin nan ashirin da uku, guda ce ke hana shi sukuni, ita ce ta Rugar Auta, wadda mahaifiyarsa ke sha. A da akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da ta ɓalle daga kogi ta bi ta bayan ƙauyen. Duk damina ambaliya kan shigo ta nan, ta kwanta wata biyu, sannan ta tsotse. Shekara takwas da suka wuce ruwan ya yi yawa ya ci gida huɗu, mutanen gari suka fusata suka toshe bakin hanyar da buhunan ƙasa. Ruwa ya daina shigowa, kowa ya yi hamdala. Inna Hajo ta fi kowa, domin ta cikin filin da mijinta ya bar mata hanyar ta ratsa. Da ta bushe sai ta zama gona, Inna ta shiga noma dawa a ciki, irin dawar da masu wucewa ke tsayawa kallo.

Haris kaɗai ya ga abin da aka toshe tare da ruwan. Gindin wannan hanyar yashi ne zalla har can ƙasa, sauran fadamar kuwa laka ce da ba ta barin ruwa ya ratsa. Ta cikin yashin nan ambaliya ke sauka ta cika abin da rijiyar ke sha. Tun da aka toshe, ruwan rijiyar ke ja da baya shekara bayan shekara. An gwada bohal sau biyu, ruwan ya fito da ɗanɗanon kanwa, ko shanu suka ƙi sa baki. Bazarar da ta gabata, laka matan ƙauyen suka riƙa ɗebowa su ajiye ta kwanta. Littafin Haris ya nuna masa in aka ƙara bazara biyu a haka rijiyar ta ƙafe, kuma ƙauyen da ba rijiya tashi yake yi. Ya je ya yi wa mai unguwa bayani har sau uku, sau uku mai unguwa ya yi barci tun kwarin Chadi bai gama nutsewa ba.

Ana cikin haka, bayan wata damina da ruwa ya yi ɓarna ƙwarai, aka kafa wani kwamiti da zai tsara yadda za a tare ambaliya a yankin. Cikin shirin har da doguwar jinga mai siminti, wadda za ta bi ta bakin tsohuwar hanyar nan ta rufe ta har abada. Wadda ta kawo wa Haris labarin ita ce Madam Talatu Irmiya, 'yar Kafanchan da ta yi shekara ashirin da shida tana aikin akawu a Haɗeja, kuma ita aka naɗa sakatariyar kwamitin. Ta same shi a gindin darbejiyar ofis yana wanke tef.

"Malam Haris, ku masana kullum ƙorafinku ba a tambayar ku. To ga shi an ce masana su zo su yi magana ranar Alhamis ta sama. Na sa sunanka."

"Madam, ni ai ba ɗan siyasa ba ne."

"Su ma ba masu leƙa rijiya ba ne, shi ya sa ake neman ka. Minti biyar za a ba kowa."

"Minti biyar na gabatarwa?"

"Minti biyar duka. Ni ce mai riƙe agogo, kuma ranar ba ni da ɗan'uwa."

Abin da Haris ke so bai da yawa. A yi jingar, amma a bar ƙofa mai marfin ƙarfe daidai bakin tsohuwar hanya, a buɗe da damina ruwa ya shiga daidai misali, in ya isa a rufe. Gidaje su tsira, rijiya ta sha. Ya kuma san sarai inda ruwan zai fara kwanciya, wato gonar dawar mahaifiyarsa. Wannan tunanin sai ya ture shi gefe, kamar yadda ake ture ƙashi bakin kwano, ya ce a fara ganin bayan minti biyar tukuna.

Adila ce ta karɓi aikin horar da shi. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta ɗora butar shayi a wuta, ta zauna a kujerar tsakar gida ta ce ya fara, in buta ta tafasa lokacinsa ya cika. Ranar farko buta ta tafasa, aka sha shayi, aka wanke kofuna, Haris bai fito daga zamanin da ba mutane a duniya ba. Ta karɓi takardar, ta zaro jan biron da take gyara jarrabawa da shi, ta yanke masa shekara miliyan casa'in da tara a zama ɗaya. Ya dafe ƙirji.

"Adila, ba za su gane yashin ba in ba su san daga ina ya zo ba."

"Shekara tara ina aurenka ban san daga ina kakanka ya zo ba, kuma na gane ka sarai. Sake farawa."

Haka suka yi ta yi, tana yanka yana roƙo. Ya nemi ta bar masa ko da shekara dubu bakwai ce, ta ce ko bakwai ɗin ba don yashi ba da ba zai samu ba. Rana ta shida ta saurare shi har tsakiya, sannan ta nuna masa randar da ke gindin zogale. "Wato dai ƙasar nan randa ce. Damina ta cika ta, a sha da rani. Ku kuma kuka toshe mata baki."

Haris ya daɗe yana kallon randar. Shekara huɗu a jami'a, ga mace da ludayi a hannu ta gama da shi a numfashi ɗaya. Ya ce ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari, ta ce e ko a'a, ya ce e. Rana ta goma jawabinsa ya fara daga shekara takwas da suka wuce, ya ƙare buta na fara huci. Suka auna da agogon waya, minti huɗu da daƙiƙa arba'in. Ragowar daƙiƙa ashirin suka ware wa sallama, su biyun duka, da karatunsu da komai, kamar ba a ƙasar nan aka haife su ba.

Taron ƙarfe tara ya fara sha biyu saura, kamar kowane taro. A babban tebur mutum goma sha ɗaya suka jeru, kowa da lemon kwalba a gabansa, shugaban kwamiti Onarabul Gana a tsakiya. Wanda aka kira kafin Haris wani matashin masani ne da ya taso daga Abuja da kwamfuta. Ya hau ya ce, "Ina gaida kowa gwargwadon matsayinsa," ya wuce kai tsaye ga hotunansa. Wakilin hakimi ya ɗaga kai yana ƙidaya fanka. Sarkin noma ya shiga sakace haƙori. Arɗon yankin ya karkata wurin liman ya yi raɗa, irin raɗar tsofaffi da ake ji har bakin ƙofa: "Ɗan gidan wa ye wannan?" Hotunan matashin masu kyau ne, bayaninsa gaskiya ne, amma ko mutum ɗaya a teburin bai kalli bangon ba.

Haris na zaune yana kallo. Arɗon nan ya san Inna Hajo, tare suka yi kiwo da mahaifinsa. Kafin la'asar labari zai kai Rugar Auta cewa ɗan Shu'ibu ya tsaya gaban manya ya gaishe su a dunƙule kamar ɗaurin alayyafo. Da aka kira sunansa ya miƙe da takardarsa a naɗe, ya cire takalmi a gindin dandamali, ya rusuna.

Ya gaida shugaba, ya yi masa ya hanya, ya gajiya, ya iyali. Ya gaida mataimakinsa. Ya gaida wakilin hakimi, ya tambayi lafiyar hakimin, aka ce yana gaisuwa, ya ce yana amsawa. Ya gaida liman, liman ya sa masa albarka, zaure ya shafa. Ya gaida fasto, fasto ya ce ba zai bari liman ya fi shi ba, shi ma ya sa tasa. Da ya iso kan arɗo kuwa sai abin ya zama hira. Arɗo ya tambayi Hajo, ya tambayi Aisa da mijinta, ya tambayi jar saniyar nan da ke ɗingishi. Haris ya ce ta warke. Arɗo ya ce da me aka yi mata magani. Madam Talatu ta yi gyaran murya, ta ɗaga agogo sama, ta kaɗa shi, amma Haris ya riga ya shiga layi, kuma wanda ya gaida mutum shida ba ya tsallake biyar. Ya yi sarkin noma, ya yi sarkin ruwa, ya yi wakilin 'yan sanda, ya yi shugaban 'yan kasuwa, ya rufe da shugabar mata. Sannan ya warware takardarsa ya ce, "To, game da rijiyar..."

Madam Talatu ta buga mukulli a jikin kwalba.

Tafin da aka yi masa ba a yi wa kowa irinsa ba ranar. Onarabul Gana ya jawo lasifika ya ce, "Wannan shi ne ɗan mutunci. Tun safe ba a gaishe mu haka ba. Malam, mun fahimci bayaninka, Allah ya yi albarka." Haris ya sauko, ya sa takalminsa hagu a dama, ya fita waje ya zauna a kan babur. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Shekara goma sha huɗu yana jiran a tambaye shi, an tambaye shi, ya ɓige da ba da labarin ƙafar saniya, ita kuwa rijiya tana can tana ƙafewa. Da ya koma gida ya faɗa wa Adila, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai da ta ɗago ta ga fuskarsa sannan ta daina, ta tashi ta zubo masa abinci.

Ranar Litinin Madam Talatu ta shigo ofishinsa ba ko sallamar kirki.

"Shugaba ya ce a sa ka cikin masu rubuta rahoto."

"Ni? Ai ban faɗi komai ba."

"Shafin godiya za ka rubuta. A rahoton wani kwamiti da aka yi a baya an sa sarkin noma a gaban wakilin hakimi, har yau ba sa ga maciji. Shugaba ya ce kai kaɗai ka jera su daidai."

Haris ya buɗe baki zai yi maganar takardar shaidar karatunsa, ta ɗaga masa hannu. "Malam Haris, na tsufa ina buga rahoton kwamiti. Abin da aka faɗa a zaure, fanka ke kwashe shi. Abin da ya shiga takarda, shi ake ginawa. Ko ta taga aka ce ka shigo ɗakin da ake rubutu, ka shigo. Kuma ka taho da littattafan nan naka na waƙa."

Kwana uku suka yi a wani ɗan ofis mai warin tsofaffin fayiloli. Shafin godiya bai ɗauke shi rabin awa ba. Sauran lokacin Madam Talatu ta sa tabarau tana bin littattafansa shafi shafi, ita ce mutum na farko da ya taɓa karanta su. Da ta kai ƙarshen na Rugar Auta ta cire tabarau ta ce, "Allah mai iko. Laka suke sha kana nan kana rubutu?" Ta ce akwai wuri a ƙasan shafi na sha huɗu, layi biyu, ba ƙari. Ya rubuta shafi uku, ta mayar masa. Ya rubuta shafi ɗaya, ta mayar masa ba ta ko duba ba. A rana ta uku ya kawo wannan: "A bar ƙofa mai marfi a jikin jingar daidai bakin tsohuwar hanyar ruwa ta Rugar Auta, a riƙa buɗe ta da damina gwargwadon buƙata, domin daga nan rijiyar ƙauyen ke cika." Ya kai biro zai ƙara ɗan bayani a gefe, ta make masa hannu da rula.

Onarabul Gana ba wawa ba ne, gaisuwa dai yake so. Da aka kai masa rahoton ya karanta har shafi na sha huɗu, ya sa aka kira Haris.

"Malam, an kafa mu mu tare ruwa, kai kuma kana so mu bar masa ƙofa?"

Haris ya gaishe shi a taƙaice, ya ba shi labarin randa, ya nuna masa shafi ɗaya na littafin. Bai kai minti biyu ba. Onarabul ya gyaɗa kai, sannan ya yi tambayar da ɗan siyasa kaɗai zai fara tunawa da ita.

"Gonar wa ruwan zai kwanta? Ba na son a cika min ƙofar gida da kuka."

"Gona ɗaya ce, ranka ya daɗe. Ta mahaifiyata."

Onarabul ya ajiye biro ya dube shi da kyau. "Ta sani?"

"Za ta sani."

"To, kai da ita kun fi kusa." Ya sa hannu.

Juma'a biyu Haris yana zuwa Rugar Auta da niyyar faɗa mata. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ya tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya, ya sha fura, ya hau babur ya dawo. Juma'a ta uku Adila ta bi shi, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta tare hanya. Inna Hajo na dama fura. Haris ya sunkuyar da kai ya yi jawabi mafi gajarta a rayuwarsa.

"Inna, na sa a buɗe hanyar ruwa. Gonarki za ta nutse. In ba a yi haka ba rijiya za ta ƙafe."

Inna ba ta daina damu ba. Can ta dubi Adila, ba shi ba, ta ce, "Ki tambayar min yayan Aisa, karsanan nan biyu, wannan karatun suka saya?" Ta ƙara juya ludayi a ƙwarya. Ta ce, "Uban ya bar min fili, ɗan ya kai wa kogi. To madalla." Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ɗaki.

Da damina ta faɗi ta shuka dawarta kamar kullum, don a saninta aikin hukuma ba ya kammaluwa a kan lokaci. Wannan karon ya kammalu. Aka yi jinga, aka sa ƙofa, aka kafa allo mai sunan Onarabul Gana da manyan baƙi. A watan takwas kogi ya cika ya tumbatsa, mai kula da ƙofar ya aiko a kira Haris, don an rubuta cewa shi zai faɗi ranar buɗewa. Ya tsaya a kan jingar da hantsi, ga dawar Inna can ƙasa ta kai ƙirjin mutum, koriya shar, ga ita kanta a kan tudu ta goya hannu a baya tana kallo. Ya ce a buɗe. Ruwan ya shiga a hankali, ya bi tsohuwar hanyarsa kamar jiya ya bar ta. Dawar ta yi mako guda tana leƙe daga cikin ruwa, sannan ta kwanta. Ko gida ɗaya bai jiƙa ba.

Inna Hajo ta daina yi masa magana. Abin takaicin, babu wanda ya lura, tunda dama a al'ada ba ta cika yi masa ba. Shi kaɗai ya san bambancin shirun kunya da shirun fushi. A da in ya zo, da hannunta take ajiye masa fura a gefe ta wuce, nono ya ji, kauri kirtib. Yanzu Aisa ke kawowa, tsululu. Ya sayo buhunan dawa a kasuwar Haɗeja ya kai mata, ta sa aka jingine su a zaure, kaji suka riƙa yi masu hidima.

A gari kuwa sunansa ya fita. Kwamitin shara ya neme shi, kwamitin noman rani ya neme shi, duk don shafin godiya. Yakan je, ya jera manya yadda ya kamata, sannan ya nemi layi biyu a wani shafin, a kan inda bai kamata a zuba shara kusa da rijiya ba, ko tazarar da ya kamata a bari tsakanin bohal da bohal. Matasan da suka yi karatu irin nasa sukan zo su tambaye shi yadda ake shiga harkar tsara manufa. Yakan ce su koyi gaisuwa, su nemi sanin sakatare, su riƙe littafinsu da gaskiya. Akwai abu na huɗu, wato abin da layi biyu kan jawo wa mutum a gidansu, amma ba ya faɗa masu, don shi ma bai gama sanin ko zai iya ɗaukarsa ba.

Ruwan rijiyar ya ɗaga bayan damina, amma wannan ba hujja ba ce, ko a shekarun banza yakan ɗan ɗaga. Bazara ce alƙali. Haris ya yi ta zuwa wata bayan wata, don in ya yi kuskure to ya nutsar da gonar uwarsa a banza. A ƙarshen watan huɗu, lokacin da rana ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ya zo ya auna. Ya sake aunawa. Ruwa ya fi na bara da kamu uku. Ya rubuta a littafinsa.

Da ya juyo sai ya ga Inna Hajo tsaye a bayansa da guga, ita da ta yi shekaru da barin jan ruwa. Ba ta dube shi ba. Ta zura guga da kanta, ta jawo, ta juye a ƙwarya. Ta daɗe tana kallon ruwan, garau, har ana ganin ɗinkin gindin ƙwaryar. Sannan ta kau da kai gefe ta miƙo masa.

"Gonata ban yafe ba," in ji ta. "Kai. Sha."

Haris ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya shanye.